Yadda Ake Gwada Rilen Mota Kafin a Sayi Sabo

A zafin watan Afrilu a Birnin Kebbi, idan fankar lagireto ta ƙi tashi, sau da yawa rile ne ya gaza. Rile makunni ne da ƙaramar wuta ke sarrafawa: idan ta ratsa koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinsa, sai ya zama maganaɗisu, ya jawo wani ɗan ƙarfe da ke haɗa hanyar babbar wuta.

Da farko, a kashe mota, a zaro rilen daga akwatin fis, a karanta lambobin da ke gindin ƙafafunsa. Mai ƙafa huɗu yana da 30, 85, 86 da 87, mai ƙafa biyar kuwa yana da ƙarin 87a, wadda take haɗe da 30 muddin koyil bai samu wuta ba.

Bayan nan, a sa mitar gwajin wuta a ma'aunin om, wanda ke nuna yadda hanya ke turje wa wuta, a taɓa 85 da 86. Lafiyayyen koyil yakan nuna tsakanin 50 da 120, idan kuwa mitar ba ta motsa ba, wayarsa ta tsinke.

Sannan a haɗa 86 da jar wayar batir mai bolt 12, 85 da baƙar, a saurari wani ɗan ƙara, ƙas. Wannan ƙaran kaɗai bai isa hujja ba, kuma nan ne masu gaggawa ke ruɗewa, domin bakin ƙarfen kan ƙone ya yi baƙi, ya motsa amma wuta ta kasa wucewa. Saboda haka, tun wutar na ciki, a auna tsakanin 30 da 87, dole mitar ta sauka kusa da sifiri.

Akwai kuma rilen da babu abin da ke motsi a cikinsa, shi ba ya ƙara ko da yana lafiya. Idan za a canza, a nemi mai adadin ƙafa da ƙarfin amp iri ɗaya da tsohon.