Darasi na 9: Tafiya Aiki Saudiyya: Biza, Kwantiragi da Lissafin Albashi

Da wuya a sami unguwa a Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram da ba ta da wanda ya tafi Saudiyya neman abin kansa. Wani ya dawo ya kafa shago. Wani kuma an dawo da shi da 'yar leda a hannu, bayan an sayar da gonar gado an biya masa kuɗin tafiya. Idan aka bi diddigi, bambancinsu yakan faro ne daga takardun da kowa ya hau jirgi da su, da lissafin da ya yi ko bai yi ba kafin ya ɗaga. Mai shirin zuwa Katar ko Dubai ma zai amfana da wannan darasi, sai dai dokokin da ke ciki na Saudiyya ne.

Fasfo

A Nijeriya Hukumar Shige da Fice ce ke ba da fasfo, kuma sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Akwai mai shafi 32 na shekara 5, akwai mai shafi 64 na shekara 10. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN, a fasfo, da takardar shaidar sana'a. Muhammad a wannan takarda, Mamman a waccan, ya isa ya tsayar da tafiya. Kada ka bari a rage maka shekaru ko a ƙara, domin da zarar an ɗauki hoton yatsunka, wannan bayanin ya zama naka. Ka nemi katin rigakafin shawara, sannan a yi maka gwajin lafiya a asibitin da ofishin jakadancin Saudiyya ya amince da shi. Takardar gwaji ta bogi ɓarnar kuɗi ce, don za a sake gwada ka a can, kuma wanda ya faɗi gwajin gida ake maido shi.

Biza iri-iri ce

A nan aka fi cutar mutane. Bizar Umara ta ibada ce, bizar ziyara ta ziyara ce, ta yawon buɗe ido ma haka. Babu ɗaya a cikinsu da ta halatta maka yin aiki. Bizar aiki kuwa daga can take tasowa: kamfani ko maigida, wanda ake kira kafili, shi ne ke nemo izinin ɗaukar ma'aikaci daga hukumar ƙasarsa, sannan a buga maka bizar a ƙarƙashin sunansa.

Idan bizar ta zo hannunka, ka sa yatsa a kan abu uku, wani mai jin Larabci da ba yaron ejan ba ya karanta maka. Na farko nau'in bizar: a ga kalmar "amal", wato aiki. Na biyu sunan kafili, ya zama shi ne sunan da ke cikin kwantiragi. Na uku "mihna", wato sana'ar da aka rubuta maka. Wannan ta ukun mutane ke raina wa. An yi wa mutum alkawarin aikin walda a kamfani, amma a biza an rubuta masa makiyayi ko direban gida. Ranar da ya sauka, abin da ke rubuce shi ne zai yi aiki a kansa, kuma dokar da ta shafi makiyayi da direban gida daban take da ta ma'aikacin kamfani. Ana iya duba ingancin biza a shafin intanet na Ma'aikatar Harkokin Wajen Saudiyya da lambar fasfo. Saudiyya tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Kano.

Akwai abin da dillalai ke kira "biza hurra", wai ka shiga ka yi aiki duk inda ka ga dama, kana ba kafili wani abu duk wata. Dokar Saudiyya ba ta san wannan ba. Yi wa wanda ba kafilinka ba aiki laifi ne, kuma ranar da aka kama ka, wanda ka riƙa biya ba zai ce ya san ka ba.

Wanda ya shiga da Umara ya maƙale kuwa, ya zama abin da ake ce wa takari. Ba shi da iƙama, wato katin izinin zama a ƙasar, don haka ba zai buɗe asusun banki da sunansa ba, ba zai kama haya da sunansa ba, asibiti ma da fargaba yake zuwa. Idan maigida ya hana shi albashin wata shida, wa zai kai wa ƙara, alhali shi kansa ɓuya yake yi? Hukuncin wuce wa'adin biza yana iya kaiwa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata 6, sannan a kai mutum gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, irin na Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, a maido shi gida tare da hana shi komawa na tsawon shekaru.

Karatu: a ofishin eja

Mutum biyu su karanta wannan a bayyane.

"Alhaji, wace irin biza ce za a yi mini?"

"Haba Hajiya, ke dai ki kawo fasfo da rabin kuɗin. In kin sauka akwai mutanenmu, su za su gyara komai."

"Allah ya ƙara girma, ina so in ga kwantiragin tukuna, da lasisin ofishinku."

"Kwantiragi sai kin isa. Gurbi biyu ya rage, in ba ki biya yau ba gobe wata za ta ɗauka."

"To Alhaji, Allah ya ba ta sa'a. Ni sai na gani a rubuce."

Alamu uku sun fito a nan: an ƙi faɗin nau'in biza, an ɗage kwantiragi zuwa bayan sauka, an kuma sa gaggawa. Kamfanin da ke tura ma'aikata waje a Nijeriya dole ya riƙe lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ka nemi ganinsa, ka rubuta lambarsa. Duk kuɗin da za ka biya, ka tura ta banki zuwa asusun kamfanin, a ba ka rasit mai hatimi. Ka kuma san cewa a dokar ƙwadagon Saudiyya, kuɗin ɗauko ma'aikaci, da na iƙama, da na izinin aiki, da tikitin komawa gida bayan ƙarewar aiki, duk a wuyan mai ɗaukar aiki suke. Ejan da ya ce za a riƙa cire kuɗin biza daga albashinka har wata goma, bashi ya ɗaura maka da ba naka ba. Inda ake zargin safarar mutane, a sanar da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Nijeriya.

Abin da za a duba a kwantiragi

Idan Larabci da Turanci suka saɓa, na Larabcin ake bi, saboda haka shi za a karanta maka. A duba gundarin albashi, sannan a duba ko masauki, abinci da mota suna kan kamfani ne ko kuɗinsu aka haɗa cikin adadin da aka faɗa maka. Ga ma'aikacin kamfani, doka ta sa awa 8 a rana ko 48 a mako, a watan azumi kuma awa 6 ga Musulmi. Awar da ta ƙaru ana biyan ta da ƙarin rabi. Hutun shekara kwana 21 ne, ya koma 30 bayan shekara 5. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, abin da magina da masu aikin titi ya kamata su riƙe. Inshorar lafiya ma kamfani ne ke yi.

Akwai kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan. Mai albashin riyal 1,500 da ya cika kwantiragin shekara 2 yana da riyal 1,500 na sallama. Wanda ya ajiye aiki da kansa kafin shekara 2 ba ya samun ko sisi.

Ana rajistar kwantiragin kamfani a manhajar Qiwa, kuma sai ka danna amincewa. Ka karanta kafin ka danna. Yana faruwa a nuna wa mutum riyal 1,800 a takarda a gida, ya tarar da 1,200 a manhaja. Ba a kuma yanka wa baƙi mafi ƙarancin albashi na bai-ɗaya ba, abin da ka amince da shi shi ne naka.

Masu aikin gida

'Yan aikin gida, direbobin gida da masu kula da lambu suna ƙarƙashin wata ƙa'ida ta dabam, ana kuma ɗaukar su ta manhajar Musaned. Gyaran da aka yi a Maris 2021, wanda ya ba ma'aikacin kamfani damar sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba tare da yardar kafili ba, bai haɗa da su ba. Duk da haka suna da haƙƙi: hutun yini guda a mako, albashi duk wata, da hutun wata ɗaya bayan shekara 2. Matsalar 'yar aiki ita ce wurin aikinta shi ne wurin kwananta, ba mai ganin abin da ke faruwa a bayan ƙofa. Saboda haka kafin ta tashi, a bar wa 'yan gida hoton fasfo, biza, kwantiragi, sunan kafili da garinsa. Ta haddace lambar waya biyu a ka, don waya ana iya karɓe ta. A kuma yi yarjejeniya da gida: idan aka yi kwana kaza ba a ji ta ba, a je ofishin eja, a kuma sanar da hukuma.

Lissafi: me zai rage?

Riyal a ɗaure take da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya. Naira ce ke hawa da sauka, don haka ka tambayi canjin ranar. Ba a cire harajin albashi, amma akwai harajin kashi 15 cikin ɗari a kan sayayya. Adadin da ke ƙasa misali ne na koyon lissafi, kowa ya musanya da na gaskiya daga bakin wanda ke zaune a garin da za shi.

A ce an yi wa wani Malam tayi biyu. Na farko riyal 1,500, masauki da mota a kan kamfani. Na biyu riyal 2,200, komai a kansa. A na farko zai kashe 400 a abinci, 100 a waya, 100 a sabulu da ƙananan buƙatu, 25 kuɗin turawa gida. Jimla 625, saura 875. A na biyu zai kashe wannan 625 ɗin, ya ƙara 500 na gado a ɗakin haɗaka da 300 na mota. Jimla 1,425, saura 775. Albashin da ya fi girma a baki ya gaza ɗayan da riyal 100 duk wata. Haya a Riyad ta fi ta ƙananan garuruwa tsada nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ta wata shida ake nema a dunƙule.

Yanzu a sa bashi. A ce canji naira 400 ne a riyal, 875 ta zama naira 350,000. Idan an ranto naira 2,000,000 don tafiya, iyali kuma suna buƙatar 150,000 duk wata, saura 200,000 na biyan bashi. Wata 10 ke nan kafin Malam ya ajiye ƙwandala, in albashi bai yi jinkiri ba, in kuma rashin lafiya ko biki bai taso a gida ba. Daga kwantiragin wata 24, wata 14 ne nasa. Mai tunanin ɗauko iyali ya ƙara riyal 400 a wata a kan kowane mutum ɗaya, kuɗin da gwamnati ke karɓa, ga shi kuma ba kowace sana'a ake ba izinin hakan ba.

Bayan sauka

Tun a filin jirgi na gida, kada ka karɓi saƙon kowa, ko da ƙullin yaji ne, kuma ka tsaya a kan jakarka har a auna ta. Safarar ƙwaya a Saudiyya hukuncinta yana kaiwa kisa. Maganin asibiti ma a tafi da takardar likita.

Kafili yana da kwana 90 ya fitar maka da iƙama. Da ita za ka buɗe asusun banki da manhajar Absher, inda za ka ga matsayin takardunka da idonka. Fasfonka naka ne, doka ta hana kafili riƙe shi. Albashi ya shiga ta banki, kada ka sa hannu a takardar karɓar kuɗin da ba ka karɓa ba, ko a farar takarda.

Idan an hana ka albashi, kada ka gudu. Kafili zai kai rahoton ka tsere, abin da ake kira "hurub", daga nan mai bin haƙƙi ya koma wanda ake nema. Ka tara shaida: kwantiragi, bayanin banki, saƙonnin waya. Ka kira Ma'aikatar Ƙwadago ta Saudiyya a 19911 ka shigar da ƙara. Ana fara gwada sulhu, idan ya ci tura a miƙa maganar kotun ƙwadago. Inda kuwa ake duka ko cin zarafi, tsira da rai ne gaba: a nufi 'yan sanda ko ofishin jakadancin Nijeriya a Riyad, ko ƙaramin ofishin da ke Jidda. Mai zuwa hutu ya tabbata bizar fita da dawowa aka yi masa, ba ta fita gaba ɗaya ba, ya kuma rubuta ranar ƙarewarta.

Aikin aji

Kowa ya rubuta waɗannan kalmomi sau biyu, ya faɗi ma'anarsu da bakinsa: kafili, iƙama, mihna, hurub, tarhil. Sannan a warware wannan: albashi riyal 1,200 ne, masauki da abinci a kan maigida, ana kashe 200 a wata. Canji naira 400, bashi naira 1,500,000, gida kuma ana tura 100,000 duk wata. Wata nawa za a ɗauka kafin a gama biyan bashin? A mako mai zuwa kowa ya zo da canjin riyal na ranar, a sake lissafin da shi.