Yadda ake kare tumatir da barkonon gida daga ƙwari da fumfuna a Legas ba tare da guba ba

Wanda ya san noman tumatir a Kadawa ko Ɗanja, ya zo ya dasa shi a buhu a bayan ɗakinsa a Agege ko Idi-Araba, zai tarar da ƙa'idar ta canza. A Arewa ganye kan bushe da zarar rana ta ɗaga. A Legas yakan kwana a jiƙe ya wuni da laima, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba da Oktoba in ruwa ya dawo bayan ɗan sararin Agusta. Ƙwayar yawancin cututtukan fumfuna sai ta samu sa'o'i a kan jiƙaƙƙen ganye kafin ta tsiro ta shige shi. Saboda haka kafin a zo maganar feshi, sai an gyara iska da ruwa.

Ka bar tazarar santimita 50 zuwa 60 tsakanin buhu da buhu, a wurin da rana ke samu aƙalla awa shida. Ka huda gindin buhun ko bokitin wuri shida zuwa takwas, ka ɗora shi kan bulo, don tsakar gida a Legas ba ta rasa ruwan kwance. Ban ruwa da safe ake yi, a gindi, kada ya taɓa ganye. Idan tumatir ya kai gwiwa, ka kafa masa sanda ka ɗaure, ka cire duk ganyen da ke ƙasa da taƙi ɗaya daga ƙasa, ka rufe bakin buhun da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa. Dalili shi ne ɗigon ruwan sama ne ke fallatso ƙasa mai cuta zuwa ganyen ƙasa, daga nan ta yi ta hawa. Mai hali ya yi rumfa da farar leda mai haske a sama, ya bar gefe a buɗe. Wannan rumfar kaɗai ta fi kowane feshi amfani da damina. Kashin kaji kuma a yi hattara da shi: in ya yi yawa yana fitar da toho mai laushi, wanda shi ne abincin darɓa.

Sau biyu a mako ka juya ganye ka dubi bayansa, can ƙwarin ke zama. Darɓa ƙanana ne, kore ko baƙaƙe, a cunkushe kan toho, ganye ya nannaɗe ya yi danƙo. Baƙin abin da ke rufe ganye bayan su fumfuna ce da ke cin wannan danƙon, in an kashe ƙwarin ita ma za ta tafi. Idan ka ga tururuwa na hawa da sauka, kusan kullum akwai darɓa ko farin ƙwaro mai kama da auduga a sama, tururuwar na gadinsu saboda zaƙin da suke fitarwa. Farin ƙuda kan tashi fal in an girgiza shuka, kuma haɗarinsa ya wuce tsotson ganye, shi ke yaɗa cutar da ke murɗe ganyen tumatir ya tsuke ya ƙi girma. Da rani kuma, daga Disamba zuwa Maris, akwai jan ƙwaro ɗan mitsitsi mai saƙa kamar ta gizo-gizo, ganye ya yi ɗige-ɗigen rawaya.

In ƙwarin ba su yi yawa ba, ka tsinke tohon da suka cika ka jefar a leda, sauran ka wanke su da ruwa mai ƙarfi da safe. In sun fi haka, sai dogon yaro.

Irin dogon yaro ya fi ganyensa ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka samu busassun 'ya'yan dogon yaro waɗanda ba su yi fumfuna ba, ka fasa ka fitar da ƙwayar ciki, ka daka giram 50, wato kamar cikin tafin hannu biyu, ka jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana. Da safe ka tace da ƙyalle mai laushi sau biyu, in ba haka ba bakin abin feshin zai toshe. Ka narka ɗan sabulu kamar rabin ƙaramin cokali a ciki don ya kama ganye. Mai man dogon yaro kuwa, ƙaramin cokali ɗaya, mililita 5, a lita ɗaya ya isa. Ka fara haɗa man da sabulun a ɗan ruwa mai ɗumi har ya yi fari, sannan ka cika, kana girgizawa lokacin feshi. In man ya rabu ya taso sama, shukar farko za ta samu ruwa zalla, ta ƙarshe ta sha mai ta ƙone.

Bayan la'asar ake feshin, rana ta yi sanyi, a jiƙa bayan ganye sosai. Hasken rana na lalata sinadarin da ke aiki a ciki, kuma mai a kan ganye da tsakar rana ƙuna ne. Abin da ka haɗa ka ƙarar da shi a ranar. Mutane da yawa kan ce dogon yaro ba ya aiki don sun duba washegari sun ga ƙwarin na nan. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi, ya hana ƙananan su girma, sai bayan kwana uku zuwa biyar ake ganin bambanci. A maimaita duk mako har sau uku, kuma in ruwa ya sauka a daren da aka fesa, a sake.

Ruwan sabulu kaɗai ma yana kashe darɓa da farin ƙuda in ya taɓa jikinsu: ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu a lita. Amma sabulu na gaskiya, irin sabulun salo, ban da garin omo, shi yana cinye maiƙon da ke kare ganye. Kowane haɗi ne, ka gwada a ganye biyu ka jira kwana biyu kafin ka bi duka. Ga farin ƙuda kuma ka yanka tsohuwar jarka mai launin rawaya, ka shafa mata basilin, ka rataye daidai tsayin shuka.

Tsutsar da manoman Kano ke kira Sharon, wadda ta cinye tumatir a Arewa a 2016, cikin naman ganye take shiga ta bar farin tabo mai haske, don haka feshi ba ya isa gare ta sosai. Ka tsinke ganyen ka murtsuke. Kuma kada ka zuba ruɓaɓɓen tumatirin da ka sayo daga kasuwar Mile 12 kusa da shukarka.

Fumfuna iri biyu za ka fi gani. Mai kama da an barbaɗa gari a kan ganye, wadda ta fi son kuɓewa da kabewa, ita ce mai sauƙi: ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda a lita ɗaya da ɗigon sabulu, duk mako. Kada ka wuce wannan awon, gishirin cikinta na ƙona bakin ganye, kuma hodar yin kek wani abu ne daban. Madarar shanu kashi ɗaya a ruwa kashi tara ma tana yi, ita da safe ake fesa ta. Ɗayar kuwa ita ce tabo mai ruwan ƙasa da zobe-zobe a ciki, wanda ke farawa daga ganyen ƙasa. Ganyen da ya kamu ba ya warkewa. Ka cire shi lokacin da shukar take a bushe, ka fitar da shi daga gidan, kada ka zuba a takinka.

Akwai wata cutar, ba fumfuna ba, wadda ba ta da magani, kuma ta yi yawa a ƙasar Kudu. Tumatir ya yi yaushi gaba ɗaya alhali ganyensa kore shar, ƙasa kuma da danshi. Ka yanka karan kusa da gindi ka tsoma a kofin gilashi mai ruwa. In farin abu ya fara zubowa zare-zare cikin 'yan mintuna, ƙwayar cuta ce ta toshe hanyar ruwan shukar. Ka tuge ta, ka zubar da ƙasar buhun nesa, ka wanke wuƙar da bilic. Kada ka sake dasa tumatir, barkono ko gauta a wannan ƙasar, duk dangi ɗaya ne.

Ruwan taba, da wasu ke jiƙawa su fesa, guba ne ga mutum, kuma yana iya ɗauko wa tumatir cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare. Sniper da ota-piapia kuwa ba su da hurumi a kan abin da za a tsinka a sa a miya gobe. Alayyahu da latas da aka fesa wa dogon yaro a bar su kwana uku kafin a yanka, a wanke da kyau, in ba haka ba ɗacin zai bi su har tukunya.