Yadda Ake Sayen Faifan DVD Daga Ƙasar Waje Ba Tare Da Na'ura Ta Ƙi Karɓarsa Ba

Tun da faifan DVD ya shigo kasuwa, a Japan cikin 1996 sannan a Amurka cikin 1997, manyan kamfanonin fina-finai suka raba duniya shiyya-shiyya, suka sanya wa faifai lambar shiyyarsa, na'urar kunnawa ma suka sanya mata tata. Idan lambobin biyu ba su dace ba, na'urar za ta ƙi nuna fim ɗin ko da faifan sabo ne dal. Manufar kamfanonin ita ce su riƙe ikon tsayar da ranar fitowar fim a kowace ƙasa, su kare waɗanda suka sayi haƙƙin rarraba shi, kuma su sayar da fim ɗaya da tsada a kasuwar masu hali, da rahusa a kasuwar marasa ƙarfi, ba tare da mai rahusar ya kwarara zuwa inda ake sayar da mai tsada ba. A ganina tsarin ya fi cutar da wanda ya biya kuɗinsa ya sayi na asali, domin faifan masu satar fasaha galibi ba shi da wannan kulle.

Matakin farko shi ne ka san shiyyar da kake da kuma wadda faifan zai fito. Shiyya ta 1 ita ce Amurka da Kanada. Ta 2 ta haɗa Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya da Masar da Afirka ta Kudu. Ta 3 ta ƙunshi kudu maso gabashin Asiya da Koriya ta Kudu, ta 4 kuma Latin Amurka da Ostireliya, ta 6 ta Sin ce. Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan duk suna shiyya ta 5, tare da Indiya da Rasha. Wannan rabo yana da muhimmanci ga wanda ya je Umra ko fatauci, domin Saudiyya da Dubai suna shiyya ta 2, wato faifan asali da aka sayo a Jidda zai iya ƙin aiki a na'urar da aka kulle ta a shiyya ta 5.

Daga nan sai ka juya kwalin faifan ka duba bayansa, can ƙasa kusa da inda ake rubuta tsawon fim da harsunansa. Za ka ga ɗan zanen ƙwallon duniya da lamba a tsakiyarsa. Idan an rubuta 0 ko ALL, faifan ba shi da kulle, kuma da yawa daga cikin fina-finan Indiya a haka ake buga su. Wani faifan yakan ɗauki lamba biyu, kamar 2 da 4. Idan ta intanet kake saye, kada ka biya sai ka ga lambar a bayanin kayan, ko ka nemi mai sayarwa ya ɗauko maka hoton bayan kwalin. Wannan kuskure bai bar manya ba: a 2009 jaridu sun ruwaito cewa faifai 25 da Shugaba Obama ya bai wa Firaministan Birtaniya Gordon Brown kyauta sun ƙi aiki a na'urarsa saboda na shiyya ta 1 ne.

Kusa da lambar za ka ga PAL ko NTSC, wato tsarin hoto, kuma wannan batu ne daban da na shiyya. Najeriya da yawancin Turai suna kan PAL, Amurka da Japan suna kan NTSC. Talabijin na zamani yakan karɓi duka biyun, amma tsoho yana iya nuna hoton fari da baƙi ko yana rawa.

Sai maganar farashi, inda mutane da yawa suke gaggawa. Kada ka tsaya kan kuɗin da aka rubuta a jikin kaya. Ka haɗa da kuɗin aiko shi, da harajin kwastan idan ya hau, da canjin Dala ko Fam a ranar da za ka biya. Sannan ka gwama abin da ke cikin bugun kowace shiyya, domin bugu mai rahusa yakan zo ba tare da rubutacciyar fassarar harshen da kake ji ba, ko an cire ƙarin bayanan yadda aka shirya fim, ko hukumar tace fina-finan ƙasar ta yanke wasu wurare.

Idan kana sayen faifai daga shiyyoyi daban-daban, mafita mafi sauƙi ita ce na'urar da ke karɓar kowace shiyya. Ka tafi shago da faifanka na waje, a saka shi a gabanka ka ga hoto ya fito kafin ka ba da kuɗi. Na'urar da aka sayo daga Amurka kuwa sai ka duba bayanta, domin wutarsu bolt 120 ce, tamu 230, kuma idan ba ta karɓar duka biyun tana iya ƙonewa da zarar an jona ta.

A kwamfuta akwai haɗarin da ya kamata a kula da shi sosai. Ma'ajin faifai, wato wurin da ake saka faifan a kwamfutar, yana ba da damar sauya shiyya sau biyar kacal, bayan haka ya kulle a kan ta ƙarshe, kuma sake ɗora Windows ba ya dawo da ƙirgen. Kana iya ganin sauran damar da ta rage maka a cikin Device Manager, wato inda Windows ke jera kayan da ke jikin kwamfutar, a shafin DVD Region. Saboda haka ka zaɓi shiyyar da faifayenka suka fi yawa ka bar shi a kanta, sauran kuma ka fara gwada su da manhajar kunna bidiyo ta VLC, wadda takan buɗe wasu ba tare da an taɓa ƙirgen ba.

Faifan Blu-ray yana da nasa rabon na haruffa uku, kuma a wannan rabon Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suna tare a B, Amurka tana A, Indiya kuma ta koma C tare da Sin da Rasha. Don haka fim ɗin Indiya da ya yi maka aiki a DVD sai ka sake duba harafinsa idan za ka saye shi a Blu-ray.