Yadda za a haɗa bayanan mai ciwon daji tsakanin asibitoci a Sakkwato

Matar da aka gano ƙullutu a mamanta a wani asibitin karkara, kafin ta kai ga na'urar gashi, wadda ke ƙona ƙwayoyin cutar daji da haske mai ƙarfi, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sai ta bi ta hannun likitan tiyata, da mai binciken tsoka, da mai ɗaukar hoton cikin jiki, da likitan ciwon daji, da mai harhaɗa magunguna. Wasu majinyatan ma daga Kebbi da Zamfara da Jamhuriyar Nijar suke tasowa. Idan kowane ma'aikaci ya riƙe abin da ya sani a fayil ɗinsa, sai a wayi gari leda mai cike da takardun da ɗanta ke ɗauke da ita ce kaɗai ke haɗa aikin, kuma ranar da ta jiƙe ko ta ɓace sai a sake gwajin da aka sayar da tunkiya kafin a biya shi.

Abin farawa shi ne lamba ɗaya ga majinyaci ɗaya. Sunaye irin su Hauwa Abubakar sun yi yawa, mutanen karkara da dama kuma ba su san ranar haihuwarsu ba, don haka a haɗa lambar katin asibiti da ta katin zama ɗan ƙasa da lambar wayar wani makusanci, a rubuta su a kan kowace takarda da kowace kwalbar da aka sa tsoka a ciki.

Daga nan sai takardar taƙaita jinya, wadda a ganina ita ce ginshiƙin aikin. Shafi ɗaya ya isa, muddin ya ƙunshi sakamakon binciken tsoka da ranarsa, da matakin da cutar ta kai bisa tsarin TNM (mai nuna girman ƙullutun, da ko cutar ta kai kaluluwa, da ko ta bazu a jiki), da aikin tiyatar da aka yi. Idan ciwon dajin mama ne, a faɗi sakamakon gwajin ER da HER2 da ake yi wa tsokar, domin shi ke nuna ko maganin tamoxifen ko na trastuzumab zai amfane ta. A rubuta sunan kowane maganin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar daji, da adadinsa, saboda ɗaya daga cikinsu, doxorubicin, yana da iyakar da jiki zai iya ɗauka a tsawon rayuwa, in aka wuce ta sai zuciya ta lalace, kuma likitan da bai san abin da aka bayar a baya ba zai iya tsallake iyakar cikin rashin sani. Haka nan gashi: a nuna wurin da aka gasa da yawansa, tunda ba a maimaita shi a wuri ɗaya yadda aka ga dama. A ba majinyaci kwafi, a aika wani kwafin zuwa asibitin da aka tura shi kafin ya isa.

Asibitin da zai sayi manhajar adana bayanai ya sa sharaɗi tun wajen ciniki cewa za ta iya musayar bayani da manhajojin wasu asibitoci bisa ƙa'idar da ake kira FHIR, ta ajiye hotunan sikanin a tsarin DICOM, ta kuma rubuta cututtuka da lambobin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya. Manhajar DHIS2 da ake kai rahoton wata-wata da ita jimillar alƙaluma take tattarawa galibi, ba za ta maye gurbin fayil ɗin majinyaci ba.

Sannan a tsayar da rana ɗaya a mako da likitocin za su zauna tare su duba kowane sabon majinyaci, a kira likitan da ya turo shi ta waya, a rubuta shawarar da aka yanke da sunan wanda zai aiwatar da ita. A kuma naɗa ma'aikaciyar jinya guda wadda za ta riƙa bin sawu, ta buga waya idan an tsallake ranar kemo, ta yi wa iyali bayani da Hausa ko Fulatanci.

Batun sirri ba abin wasa ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun wajabta killace bayanan majinyaci, saboda haka a nemi yardarsa kafin a tura su, kuma idan dole ta sa a tuntuɓi abokin aiki ta WhatsApp, a rufe suna da fuska, a mayar da amsar cikin fayil a ranar.