Yadda ake bi da gargaɗin kwamfaila wajen gyara buɗaɗɗiyar manhaja

Duk wanda ya sauko da tsohuwar manhaja da aka rubuta da yaren C daga GitHub, shafin ajiye lambobin manhajoji, ya harhaɗa ta da kwamfailar GCC, wato manhajar da ke mayar da rubutun shiri abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, bayan ya kunna -Wall da -Wextra masu ƙara yawan gargaɗi, ya san yadda gargaɗi ke cika allo har ya tumbatsa. A ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, inda batirin sola kan mutu kafin isha'i, zuciya kan raya wa mutum ya toshe bakin kwamfailar ya huta. Wannan shi ne abin da ya kamata a guje wa.

Da farko a zuba gargaɗin duka cikin fayil, a rarraba shi bisa nau'i, domin GCC da Clang, wata kwamfailar, suna rubuta sunan kowane gargaɗi a ƙarshen layinsa, kamar -Wsign-compare. Sannan a gwada manhajar da Clang, a kuma gwada ta da MSVC na Windows tare da /W4, saboda abin da ɗaya ya gani ɗaya yakan tsallake shi. Wanda ba shi da kwamfutar Windows sai ya yi amfani da GitHub Actions, mai gudanar da gwaji a kwamfutocin GitHub, wanda kyauta ne ga buɗaɗɗun ayyuka, kuma ba ya cinye masa data.

Gargaɗin da ya fi cancantar natsuwa shi ne na girman lambobi. A Linux mai bit 64, nau'in lamba da ake kira long yana ɗaukar bit 64, amma a Windows mai bit 64 bit 32 kawai yake ɗauka, don haka wanda ya ajiye girman fayil a cikin long zai ga lissafinsa ya lalace a Windows da zarar fayil ya haura gigabait 2. Tilasta wa lambar ta koma int yana kawar da gargaɗin, amma cutar tana nan, an dai rufe tukunyar ne tana tafasa. Maganin shi ne int64_t daga stdint.h tare da PRId64 wajen bugawa, ko %zu idan size_t ne. Haka nan char: a x86 yana karɓar lamba ƙasa da sifili, a Linux na ARM kuwa, irin na Raspberry Pi, ba ya karɓa. Na taɓa zuba sakamakon getchar, mai karanto harafi ɗaya, cikin char a na'urar ARM ina jiran EOF, alamar ƙarshen fayil mai lamba ƙasa da sifili, sai shirin ya yi ta juyawa har cajin na'urar ya ƙare. Mayar da shi int ya warware matsalar.

Kada a goge layin da ba a fahimta ba. A 2006 wani mai kula da OpenSSL, manhajar ɓoye sirri, a Debian, wani nau'in Linux, ya cire layuka biyu domin Valgrind, manhajar binciken ƙwaƙwalwa, ta daina ƙorafi, ashe ya kassara hanyar samar da makullan sirri, har suka taƙaita zuwa kusan 32,000 a kowane nau'i, kuma ba a gano ba sai a 2008.

Akwai kuma gargaɗin da ya halatta a kashe. MSVC yana fitar da C4996 a kan strcpy da fopen, yana neman strcpy_s, alhali glibc, laburaren C na Linux, ba ta da shi. Bayan an tabbatar ma'ajiyar da ake kwafa rubutu cikinta ta isa, sai a sanya _CRT_SECURE_NO_WARNINGS a sashen Windows na CMake, fayil ɗin tsara harhaɗawa, kaɗai. Idan #pragma, umarnin kashe gargaɗi daga cikin rubutun shirin, za a yi amfani da shi, a kewaye layukan da abin ya shafa da push da pop, a rubuta dalili a gefe.

Shi kuwa -Werror, mai mayar da kowane gargaɗi kuskure, a bar shi ga gwajin masu aikin, kada ya shiga kunshin da ake raba wa jama'a, domin sabuwar kwamfaila kan zo da sabon gargaɗi ta hana harhaɗawa. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya kunna shi a Linux 5.15 a 2021, amma cikin 'yan kwanaki aka sassauta shi saboda yawan ginin da ya karye.

Wajen aika gyara ga masu manhajar, kowane nau'in gargaɗi ya tafi shi kaɗai, tare da ainihin saƙon kwamfailar, sigarta, da tsarin da aka gwada a kai.