Yadda ake tsara dokar kafa kwamitin binciken shiga yaƙi

A fara da ikon kwamitin. Daftarin ya faɗa ƙarara cewa kwamiti na iya kiran kowa, ya rantsar da shi, ya tilasta a kawo masa takardu, a kuma rubuta hukuncin wanda ya ƙi. Dokar bincike ta Birtaniya ta 2005 ta tanadi wannan iko, amma da firaminista Gordon Brown ya kafa kwamitin John Chilcot kan yaƙin Iraƙi a Yunin 2009, bai bi ta kanta ba. Shi ya sa sau biyu Tony Blair, firaministan da ya kai Birtaniya yaƙin, yana ba da shaida, a 2010 da 2011, ba tare da rantsuwa ba. Da farko ma a asirce Brown ya so a yi zaman, sai da aka yi masa ca. Don haka a rubuta cewa zama a bainar jama'a ne, sai inda tsaron ƙasa ya hana.

Sai iyakar aiki: daga wace shekara zuwa wace, da tambayoyin da za a amsa. Na Chilcot ya duba 2001 zuwa 2009. In ana son a ji ko yaƙin ya halatta, a sa tambayar a doka, a kuma sa alƙali a kwamitin. Cikin mutum biyar na kwamitin Chilcot babu alƙali ko ɗaya, kuma ba su yanke hukunci a kai ba. A Holan kuwa, tsohon shugaban kotun ƙoli Willibrord Davids ya jagoranci nasu, a Janairun 2010 suka ce mamayar Iraƙi ba ta da isasshiyar madogara a dokar ƙasa da ƙasa.

Takardun sirri ne inda gizo ke saƙar. An kwashe shekaru ana ja-in-ja da gwamnati kan fitar da wasiƙun Blair zuwa ga shugaban Amurka na lokacin, George Bush. Kada a bar wa wanda ake bincika wuƙa da nama: saɓani kan takarda ya tafi gaban alƙali, cikin wa'adi, misali kwana 30.

Wa'adin ya shafi waɗanda rahoton zai soka. Haƙƙinsu ne su ga sukar su mayar da martani, amma a ƙayyade musu kwanaki. Chilcot ya gama sauraron shaidu a Fabrairun 2011, rahoton bai fito ba sai 6 ga Yulin 2016, juzu'i 12, bayan iyalan wasu daga cikin sojojin Birtaniya 179 da suka mutu a Iraƙi sun yi barazanar zuwa kotu.

Kuɗin aiki ya fito daga majalisa, rahoto ma ita za a miƙa wa kai tsaye, kuma a cire wa minista ikon rufe binciken.