Yadda za ki kula da kanki bayan an miki aikin haihuwa

'Yar uwa in an ciro miki jariri ta tiyata, ki sani mahaifa aka yanka ba fatar ciki kawai ba, dan haka ki bi a hankali. Washegari ki daure ki tashi ki dan taka ko da zafi, yana hana jini daskarewa a kafa. Wajen dinkin ki barshi a bushe, kar a gasa shi da tafasasshen ruwan jego ko a shafa masa wani magani, duk nacin su Gwaggo kuwa. Banda daukar bokitin ruwa ko daka har sati 6. Kika ga zazzabi, ruwa mai wari ko jini da yawa, maza asibiti. Ki huta kamar shekara 2 kafin wani cikin, haihuwa ta gaba kuma a asibiti dan Allah.